Kunnen Ungozoma

Bayana ne ya fara yajin aiki.
Shekara talatin da ɗaya ina duƙe a gadon haihuwa,
yanzu tsintsiya ta ce in duƙa mata ita ma.
Na ce, ƴar kaba, kin makara.

Sai na ƙulle sharar gidana a bakin zane:
rairayin da jikoki ke kwasowa daga Bilbis a tafin ƙafa,
ƙwayar hatsi, ɓawon gujiya,
zaren da Cima ke zubarwa in ta zo ɗinki,
da furfurata, wadda ba ta jin kunyar darduma.
Na hau adaidaita zuwa kasuwar Tawa.

A shagon Nomau ga su a jere,
injinan zuƙe shara, kowane da hancinsa na giwa.
Ya jawo wani ja mai ƙyalli.
"Inna, wannan jiya ya sauka."
Na ce, "Kyan fuska ba ya hawa sikeli. Kunna."

Ihu ya cika rumfa,
har mai shayin ƙetare ya waiwayo.
Na ɗora tafina a bakin tiyo:
ja kaɗan,
kamar ɗan da ke wasa da nono ba ya sha.
Mayar.

Na biyu yana cin jakar takarda.
"In ta cika fa?"
"Sai a aiko daga Yamai."
Tafiyar yini guda don mazubin shara?
Na uku na ɗaga, ƙuguna ya yi magana.
Na juya shi, na karanta lambar bayansa,
na ga zai shanye wutar wata kafin Juma'a biyu.

Can a lungu, bayan fankoki,
wani mai launin toka, da tabo a gefe.
Nomau ya ce, "Wannan ba na ado ba ne."
Na ce, "Ni ma haka."

Ya kunna. Na durƙusa a hankali,
na kafa kunne a cikinsa
yadda na saba kafa wa matan Adar.
Yaran shago suka yi dariya. Na bar su.
Numfashi ɗaya, ba gargada,
ba ƙarfe mai cizon ɗan'uwansa a ciki.
Wannan zai rayu.

Na sa ya buɗe shi.
Matatarsa ana cirewa, a wanke, a shanya.
Na shinshina iskar da ke fita ta baya,
don Sahabi, jikana, fuka ba ta yi masa uzuri.
Wayarsa na auna da ƙafa: taki goma sha ɗaya,
daga soket har ƙarƙashin gado.
Na aika a tambayo Illa mai gyara a kusurwa.
Ya ce irinsa ko cikin duhu zai kwance ya ɗaure.

Sannan na kwance bakin zanena
a kan yankin kafet ɗin shago.
Nomau ya riƙe baki.
Wucewa ɗaya: hatsi ya tafi, ɓawo ya bi,
zaren Cima bai shaƙe shi ba.
Na cusa farce cikin gashin kafet ina neman rairayi.
Babu.

Jikka sittin, in ji shi.
Muka ja har aka kira azahar.
Arba'in da bakwai, da rasit, da sunansa a ƙasa.

Ranar farko da na zazzage cikinsa a tsakar gida,
cikin ƙura da gashi wani abu ya yi ƙwal:
ƙwayar tasbahar Malam,
wadda ta tsinke shekarar da ya rasu.
Mun tsinci casa'in da takwas a lokacin.

Na wanke ta. Na daɗe zaune.

Tsintsiya tana nan bayan ƙyaure,
ban sallame ta ba.
Ta san halin wutar garin nan,
ta san zan neme ta.